Birkin Bindigar Yaya Sani

Tun da na dawo daga Landan ban huta da tambaya ba. A masallaci, a shago, a teburin mai shayi, kowa sai ya ce, "Habibu, ya ƙasar take?" Idan na ce wata guda da 'yan kwanaki na yi amma rabin hankalina yana kan wata bindiga, sai a yi dariya a ɗauka zolaya nake. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, aikin ƙarfe nake yi a Panteka ta Kaduna. Ina da injin da ke juya ƙarfe ana fere shi, ina yanka tiredi, wato zaren da noti ke hawa, ina ƙera kayan injin niƙa da na famfon ban ruwa. Yayana Sani kuwa ya daɗe a Landan, yana aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani babban asibiti a Camberwell. Mahaifinmu maharbi ne, kuma cikin mu bakwai Yaya Sani kaɗai ya ɗauko son daji. Can ma bai bari ba. Wani abokin aikinsa Bature ya riƙa jansa zuwa gonakin bayan gari, inda barewa irin tasu ke ɓarnar shuka har masu gona su nemi mai lasisi ya rage musu su. Yaya ya bi duk matakan, 'yan sanda suka bincike shi ciki da waje, suka ba shi takarda. Ya sayi bindiga marar nauyi saboda yawon tudu da kwari.

Sai a wani lokacin sanyi ya zame a kan ƙanƙara da kekensa, kafaɗarsa ta dama ta tsage, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Shi ne ya ce in zo in ɗan kama masa hidimar gida, tunda matarsa Anti Zulai ita ma aiki take. Kafin biza ta fito watanni sun shuɗe, ya fara samun sauƙi, amma ya ce duk da haka in zo.

Saura mako biyu in tashi ya turo min hoto a waya. Wani guntun ƙarfe ne kamar bututu, tsawon ɗan yatsa, da tsagogi a gefe da gefe. Ya rubuta, "Ka san wannan?" Na ce a'a. Ya ce birki ne, na bakin bindiga. Na ɗauka so yake in ƙera masa, domin da ma haka 'yan uwa suke min, a turo hoto a ce ka san wannan. Na sami guntun ƙarfe mai kyau na ɗora a inji, kafin la'asar na fitar da abu kamar na hoton. Ina goge shi maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Wannan kuma na wane inji ne?" A Kadunan yau, a same ka da wani abu na bindiga a shagonka, ba a tsayawa jin bayani. Na ce masa kan famfo ne nake gwadawa. Yana juya baya na yanka shi gida huɗu na watsa cikin tarkacen da ake kai wa masu narka.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, in ba haka ba sauran labarin ba zai fito ba. Shekara biyu kafin wannan tafiya, ina dawowa daga kai kayan inji wani gari, 'yan bindiga suka tare mana hanya. Direba ya saki titi, muka fita da gudu muka faɗa gonar dawa. Na kwanta rub da ciki ana ta harbi a kanmu. Wani dattijo da muka zauna kujera ɗaya, wanda ya ba ni goro a tasha, ya kwanta kusa da ni yana riƙe da bakin rigata. Da harbi ya tsaya na tashi, shi bai tashi ba. Da na iso gida na ce mota ce ta lalace. Maiɗakina kaɗai ta san gaskiya. Tun daga ranar, ko taya ta fashe a titi sai hannuna ya yi awa guda yana rawa. Yaya Sani bai san komai a kai ba.

Da haka na kama hanyar Abuja, idona a kan kowane daji har muka isa. A filin jirgi na shiga banɗaki na goge hoton birkin bindigar da Yaya ya turo. Ina fitowa kuma sai wani tunani ya zo min: in suna da na'urar da ke ganin abin da aka goge fa? Ai gogewar ta fi barin zama abin zargi. Da wannan tunani na yi tafiyar sama gaba ɗaya. Abincin da aka kawo, wata shinkafa da kaza marar gishiri, cokali biyu na yi na rufe.

Mun sauka da safe. Layin masu baƙin fasfo ya yi tsawo, kowa shiru kamar a asibiti. Wata mata ce ta karɓi nawa. Ta tambayi wurin wa na zo, na faɗa. Ta tambayi sana'ata, na ce aikin ƙarfe. Ta ɗago kai ta ce wane irin abu nake ƙerawa. Wallahi abin da ya fara zuwa bakina shi ne guntun ƙarfen nan da na yanka. Na ce kayan injin niƙa. Ta ce niƙan me? Na ce tattasai da tumatir. Ta ɗan yi murmushi ta miƙo min fasfo.

Ban gama ajiyar zuciya ba wani jami'i ya yafito ni gefe ya ce in buɗe jaka. Ya ci karo da ƙullin daddawar da na taho wa Anti Zulai da ita, ya shinshina, ya ja baya taku ɗaya. Sai ya zaro ma'aunin kaurin ƙarfena, wanda sabo ya sa na jefa a jaka ban ma sani ba. Ya buɗe shi ya rufe, ya ce hutu na zo ko aiki? Na ce hutu. Ya ce to wannan fa? Sai na nuna masa tafin hannuna da duk kantar da ke ciki, na ce ko masallaci za ni yana aljihuna. Ya dubi hannun, ya mayar da ma'aunin, ya ce in tafi.

Yaya da Anti Zulai suna jirana a waje. Ya rame, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. A mota, Anti na tuƙi, na ba shi labarin birkin da na ƙera. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Ka zo da shi?"

"Na yanka shi, Yaya."

"Alhamdulillahi. Habibu, nuna maka kawai na yi. Da ka sa wannan abu a jaka, da yanzu ba a motar nan muke hira ba. A nan mai lasisin gyaran bindiga ne kaɗai ke taɓa ta."

Na ga yadda Anti Zulai ta ƙara damƙe sitiyari.

Flat ɗinsu yana hawa na biyu, tsakanin Camberwell da Old Kent Road. Ɗakin da aka ba ni ƙarami ne, gado da durowar kaya kawai. Na buɗe durowar zan rataye riguna sai na ga wani dogon akwatin ƙarfe an ɗaure shi da bango da manyan notuna. Yaya ya ce, "Tana ciki. Kada ka tambaye ni inda makulli yake. Antinka ma ba ta sani ba, kuma doka ce ta ce kada ta sani. In 'yan sanda suka zo duba akwatin suka gane wani ya san wurin makulli, lasisi ya tafi." Na tuna bindigar Baba da ke rataye a bayan ƙofar zaure, kowane yaro a gidan ya san inda albarushi yake, tsoron dukan Baba ne kawai makulli. Na ce to. Amma duk makonnin da na yi a ɗakin nan, ban taɓa juya wa durowar baya ba.

Abinci kam ban yi kewar gida ba. Firjinsu cike yake da naman barewar bara. Anti tana yin dambunsa, tana yin farfesu, ranar farko kuma ta yi tuwo da miyar kuka da daddawar da ta kusa sa a tsare ni. Na tambayi Yaya maganar yanka, ya ce da bisimilla yake harbi, in ya tarar da rai ya yanka. Rabin naman sadaka yake tafiya gidajen 'yan Arewa da ɗalibai. Old Kent Road kuwa kamar an yanko wani yanki na gida an dasa: doya, manja, busasshen kifi, ranar Lahadi kiɗan coci na fitowa daga tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne maƙwabta. Shekara tara Yaya yana gidan, wanda ke ƙofa da ƙofa da shi bai san sunansa ba, balle ya san akwai bindiga a bayan bangonsa.

A rana ta uku, Yaya ya tafi gashin kafaɗa, Anti ta zaunar da ni a kicin.

"Habibu, kai ne za ka gaya masa ya ji. Likita ya ce in kafaɗar nan ta sake shan duka mai ƙarfi, sai an sake buɗe ta, kuma ba lallai ta koma daidai ba. Da hannun nan yake aiki. Bindigar ba ta da nauyi, shi ya sa take shuri kamar jaki. Tun yana lafiya yake dawowa da shatin jini a kafaɗa."

"To ba sai a sayar ba, Anti?"

"Na faɗa. Ya ce in ba shi dama ɗaya. A sa mata birkin, a gwada. In ta taɓa shi, ya yarda a sayar. Amma na san Yayanka, ko kafaɗar ta cire ba zai ce ta yi zafi ba. Don haka kai za ka bi shi ranar gwajin. Fuskarsa za ka duba min, ba bakinsa ba."

Na so in ce mata ni ba zan iya tsayawa inda ake harbi ba. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "To, Anti."

Ranar kai bindiga wurin mai gyara, Anti tana aiki, Yaya kuma ba a yarje masa doguwar tuƙi ba tukuna, sai ya yi booking ɗin tasi. Ya sa ni na fita falo kafin ya buɗe akwatin. Ya fito da doguwar jaka baƙa a kafaɗar hagu, takardunsa a aljihun gaba. Na miƙa hannu zan karɓa, ya ce a'a. Muna saukowa muka haɗu da wata tsohuwa Baturiya a matakala, ta ce mana ina kwana da fara'a. Ni dai gani nake kowa a unguwar ya leƙo ta taga yana kallon mutum biyu masu gemu da doguwar jaka.

Direban ya ji muna Hausa sai ya juyo da murna. Sunansa Bitrus, mutumin Kafanchan, shekararsa goma sha biyu a can. Aka gaisa, aka tambayi gida. Ya dubi jakar ta madubi ya ce, "Oga, gita ce? Kuna wasa a wani wuri?"

Na taka ƙafar Yaya. Bai kula ni ba. Ya ce, "Bindigar farauta ce, Malam Bitrus. Babu harsashi a ciki, ga lasisina in kana son gani. In ba ka yarda ba ka sauke mu, ba zan ji haushi ba."

Bitrus ya ja mota. Muna cikin cunkoson Old Kent Road, bas a gaba bas a gefe, sai ga motar 'yan sanda ta shigo bayanmu ta tsaya daf da mu. Danja uku muka wuce tana biye. Bitrus ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai koyon tuƙi. Can ya ce a hankali, ba tare da ya juyo ba, "Oga, takardar nan, ta gaske ce ko irin ta gida?" Yaya ya ce ta gaske ce. A danja ta huɗu motar ta kunna jiniya ta zagaye mu ta wuce abinta. Ban san lokacin da na sunkuya ƙasan kujera ba. Yaya ya yi dariya ya ce, "Habibu, ashe haka kake da tsoro?" Bitrus bai yi dariya ba. Ya dube ni ta madubi ya daɗe, sannan ya ce, "Ka bar shi, Oga. Mu da muka fito daga can mun san abin da muka sani." Da zai sauke mu ya ce in an harbo barewa a tuna da shi.

Shagon yana can ƙarshen gari, inda gidaje suka fara ƙarewa gonaki suka fara. Sai an danna ƙararrawa an dube ka ta kyamara kafin a buɗe. Mai shagon wani tsoho ne, Mista Alan, gajere, kunnensa ɗaya da na'urar ji. Kafin ya taɓa jakar sai da ya karanta takardun Yaya layi-layi ya rubuta lambar bindigar a wani babban littafi. Sannan ya fito da ita. Na ja da baya har na jingina da bango.

Abin da ya dawo da ni hayyacina injinsa ne. Ta ƙofar ciki na hango shi, irin nawa sak, har kalar fentin, sai dai nasa tsaf kamar faranti. Yaya ya gaya masa sana'ata. Tsohon ya kama hannuna ya juya, ya nuna min nasa, ya ja ni ciki. Turancina ba shi da yawa, nasa kuma da sauri yake fita, amma a gaban injin nan mun fahimci juna. Ya nuna min zai yanka tiredi a bakin bindigar ya ɗaura birkin. Ya ce iskar da ke biyo harsashi ita ke ƙara tura bindiga baya, tsagogin nan kuma suna watsa ta gefe, sai shurin ya ragu. Zai sa roba mai taushi a gindinta inda ke zama a kafaɗa, ya kuma ƙara mata ɗan nauyi a cikin ƙota. Yaya ya ɓata fuska ya ce saboda rashin nauyin ya saye ta. Mista Alan ya ce ya zaɓa, ko ƙafarsa ta gaji ko kafaɗarsa ta karye. Daga nan ya ɗaga yatsa ya ce akwai abu ɗaya: ƙarar ba ta ɓacewa, gefe take komawa. Mai harbi zai ji sauƙi, wanda ke tsaye kusa da shi ne zai sha ta. Ya taɓa na'urar kunnensa. Ya ce mu dawo bayan mako uku, don sai an kai ta wurin gwajin hukuma an buga mata hatimi.

Mako ukun nan na yi su ne ina lissafin kwanaki. Na raka Yaya gashin kafaɗa, na yi cefane, na ɓata a tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, sau biyu saboda na hau mai tafiya kudu alhali arewa za ni. Wani ɗalibi ɗan Zariya ya kai ni Bloomsbury, inda wata Baturiya mai koyon Hausa ta tambaye ni ina gajiya, ta kuma jira amsa da littafi a hannu. Wata rana a bas ina waya da maiɗakina, na saki jiki tunda ba mai jin yarenmu, na ce mata mun kai bindigar gyara, saura kwana goma mu karɓo. Sai wata mata a kujerar gaba ta juyo ta ce, "Ɗan uwa, wane bindiga ne wannan?" 'Yar Gana ce, 'yar zango. Na yi ta rantse-rantse ina bayanin barewa da lasisi. Ta ce, "To ka rage murya. Nan kowa yana da kunne." Na sauka tun kafin tashata na ƙarasa da ƙafa.

Maiɗakina ta ce in gaya wa Yaya gaskiya kawai. Na ce mutumin da ke fama da kafaɗarsa ba zan ɗora masa wani kaya ba.

Ranar gwaji wani abokin Yaya ne ya kai mu ya ajiye. Bayan shagon akwai wata doguwar rumfa da teburi, can nesa an kafa farar takarda a jikin tudun ƙasa. Bindigar ta fito da sabon baki. Na duba aikin tsohon daga nesa, ko layin haɗi ba ka gani. Ya ba kowannenmu abin toshe kunne mai kama da kofuna biyu, ya nuna min inda zan tsaya, bayan Yaya sosai. Amma daga nan ƙeyarsa kawai nake gani, ni kuma fuska aka aiko ni in duba. Da tsohon ya sunkuya yana duba takarda ta madubin hange, sai na matsa gaba ta gefen dama.

Yaya ya zauna, ya kafa gindin bindigar a kafaɗar da aka yi wa aiki. Na ga leɓensa yana motsi. Na ɗauka magana yake min, ashe bisimilla yake. Na ɗaga kofin kunnena na hagu don in ji.

Ban ji ta kamar ƙara ba. Kamar an mare ni da faranti ne a fuska da ƙirji lokaci ɗaya. Abin da na sani bayan nan, ina kwance rub da ciki a kan siminti, hannuwana a kan ƙeya, bakina cike da ƙasa, ina jin warin ganyen dawa. Ina jin ana jan bakin rigata. Wai ina ta cewa, "Baba, ka kwanta, kada ka ɗaga kai." Ni ban san na faɗa ba, Yaya ne ya gaya min daga baya.

Ashe Mista Alan ne ke jan rigar. Ya riga ya karɓe bindigar ya cire harsashi ya ajiye ta a buɗe. Ya zauna a ƙasa kusa da ni, da tsufansa, bai ce in tashi ba. Ya ɗora hannu a bayana yana magana a hankali, kalma ɗaya yake ta maimaitawa, wai an gama, an gama. Da na iya zama ya kawo min shayi mai sukari da yawa, irin wanda su can ba sa sha. Ya gaya wa Yaya cewa shi ma yana da ƙane da ya yi soja, ya san wannan kwanciyar, ba ta mai jin tsoron ƙara ba ce.

Yaya ya durƙusa a gabana. Fuskarsa ta canza gaba ɗaya.

"Habibu, wane Baba?"

Na gaya masa. A ƙasan rumfar nan, kunnena ɗaya yana ƙugi, na ba shi labarin tun daga goron tasha har zuwa yadda na ɓamɓare yatsun dattijon daga rigata. Ban taɓa faɗar wannan wurin ba, ko ga maiɗakina. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Shekara biyu. Ni kuma na kwantar da kai ɗaki ɗaya da ita, na yi maka dariya a mota." Ya miƙe ya ce wa tsohon a mayar da ita jaka, an fasa.

Na ce, "Yaya, harbi nawa ya rage?"

"Biyu. Amma bar shi."

"Anti ta aiko ni. Na farkon ban ga komai ba."

Ya yi gardama, na ƙi. A ƙarshe Mista Alan ya cusa min wasu 'yan robobi a kunne, ya ɗora kofunan a kai, ya kai ni can baya ta hagu inda zan iya hango gefen fuskar Yaya, ya tsaya ya riƙe min damtse. Ya ce zai ɗaga yatsu uku, in na ga na ƙarshe ya sauka in san tana tafe. Na tsaya. Ta tashi, na ji ta a ƙirji, ban faɗi ba. Ta sake tashi. Duka biyun idona yana kan Yaya. Kafaɗar ta ɗan motsa kamar an dafa shi. Bai runtse ido ba, bai cije leɓe ba. Da ya miƙe ya ɗaga hannun sama ya juya shi, ba tare da ya san ina kallo ba.

Mun isa gida bayan la'asar. Anti Zulai tana tsaye a bakin kicin da kayan aikinta ba ta ko cire ba. Ba ta dubi mijinta ba, ni ta duba.

Na ce, "Ba ta taɓa shi ba, Anti. Na gani da idona."

Ta sauke numfashi. Sannan ta ƙara dubana, ta ga ƙasa a gaban rigata da ƙujewa a haɓata. Ta ce, "Kai kuma me ya same ka?"

Yaya ya ajiye jakar ya ce, "Zauna, Zulai. Tun zuwansa kafaɗata muke ta jinya, ashe ba ni ne marar lafiyan gidan nan ba."

A ranar ya kwashe kayana ya mayar ɗakinsu, su suka koma ƙaramin. Na ce ba sai an yi haka ba, ba wanda ya saurare ni. Anti ta kira wata ƙawarta likita, 'yar Katsina, wadda aikinta ke nan, sauraron mutanen da suka ga abin da ya fi ƙarfinsu. Sau uku na zauna da ita kafin in taho. Ta ce abin yana da suna kuma yana da magani, ta haɗa ni da wani abokin karatunta a nan Kaduna. Ina zuwa wurinsa duk ranar Laraba, shi ya sa kuke ganin shagona a rufe da safe.

Bindigar tana nan, ba a sayar ba. Yaya ya fita da ita sau ɗaya bayan tahowata, ya ce Bitrus ya sami cinya guda.

Ni kuma makon jiya na je tashar da muka tashi ranar da aka tare mu, na yi ta tambaya har na sami wanda ya san dattijon. Sunansa Malam Isa, mai sayar da buhunan wofi. Ya bar mata da 'ya'ya biyar a wani ƙauye kusa da Buruku, kuma har yau ba su sami wanda ya gaya musu yadda ya cika ba. Ranar Asabar zan je. Zan gaya musu bai daɗe yana wahala ba, da kalmar shahada a bakinsa, kuma ba shi kaɗai ba ne a wurin.